Ɗan Rakiya Da Mai Tafiya

A wannan mako ina neman izininku in kai ku wani tsibiri mai nisa da ke yamma da Ingila, wato ƙasar Irland, domin mu saurari wata gardama da makaɗan can suka daɗe suna yi a kan gita. Na san wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwar Maraɗi ko ma'aikacin Damagaram da kiɗan mutanen da bai taɓa gani ba. To, ku yi mini haƙuri har ƙarshe, don kuwa cikin wannan gardama ne na koyi abin da ya fi kome amfani a sana'ata, kuma na koye shi ne ranar da na ji kunya.

Cikin shekara ta 2010, lokacin da ƙarancin abinci ya taɓa ƙasarmu, na samu aikin tafinta a wata ƙungiyar agaji cikin jihar Tawa. Ban daɗe da fitowa daga lise ba, takardar bak tana aljihu, Faransanci yana cike da bakina, kuma ina ganin babu wanda ya kai ni iya jera magana. Mu uku muke fita ƙauyuka kullum: wani anasara mutumin Irland wanda ƴan ƙauye suka laƙaba wa suna Dogo, da wani dattijon direba da muke ce wa Baba, sai ni. Hanya da nisa, ga duwatsun Adar, ga rana. Dogo yana da wata ƴar jaka cike da faya-fayan kiɗan ƙasarsu, shi ne yake sa mana ɗaya bayan ɗaya, yana bayani da Faransancinsa mai nauyi, ni kuma ina juya wa Baba. Abin da zan faɗa a nan, rabi daga bakinsa na fara jin sa, rabi kuma na bi sawunsa daga baya ta hanyar karatu da sauraro.

Asalin kiɗan gargajiya na Irland kari guda ne tak, ba shi da wani sauti da ke tafe a ƙarƙashinsa don ya tallafe shi. Mutum ɗaya kan zauna a ɗakin girki da gogensu na Turawa, ko sarewar itace, ko wata irin algaita da ake ba iska da zuga-zugi a ƙarƙashin gwiwar hannu, ya yi ta kaɗawa mutane suna rawa, ƙafarsa kuma tana buga ƙasa. Yawancin taken rawa gajeru ne, kashi biyu, kowane kashi a maimaita shi, sannan a koma farko. Gwanintar makaɗi tana cikin ƴan ƙananan juye-juyen da yake yi wa taken duk lokacin da ya dawo kansa, yadda ba zai kaɗa shi iri ɗaya sau biyu ba. Ko da makaɗa goma suka taru, kari ɗayan nan suke bi gaba ɗaya. Haka ma tsofaffin waƙoƙinsu na harshen Irland, murya ce kawai, babu kiɗa. Wato gita baƙuwa ce a gidan, kuma ba ita ce baƙuwar farko ba.

Wata rana Dogo ya sa mana wani tsohon kiɗa da aka kwaso daga faifan garmaho, yana ta ƙaraf-ƙaraf. Na Michael Coleman ne, makaɗin goge da aka haifa a yankin Sligo cikin 1891, ya yi ƙaura zuwa Amurka cikin 1914, ya rasu a Niyu Yok cikin 1945. Gogen yana gudu kamar ruwan ƙorama, a bayansa kuma ana jin piyano yana dukan sauti da nauyi. Baba ya saurara na ɗan lokaci, hannunsa bisa sitiyari, sai ya ce mini: "Ɗana, tambayi Dogo, waɗannan mutane biyu sun san juna kuwa? Ni dai na ji kamar kowa da kasuwar da za shi." Da na juya maganar, Dogo ya yi dariya har ya buga cinya, ya ce Baba ya faɗi cikin numfashi ɗaya abin da masana suka cika littattafai da shi.

Ga yadda abin ya faru. A shekarun 1920 da 1930 kamfanonin faifai na Amurka sun ga akwai ciniki wurin ƴan Irland da suka yi ƙaura, amma suna ganin goge shi kaɗai ba zai sayu ba, sai an haɗa shi da rakiya. Sau da yawa sai a ɗauko mai piyanon da ke kusa, wanda bai taɓa jin taken ba, a zaunar da shi, a ɗauki minti uku, a rufe. Shi kuwa abin da ya koya a makaranta shi yake bugawa: dunƙulen sauti uku da kiɗan Turai na zamani ya ginu a kansu, waɗanda ke tilasta wa kowane kari ya zama ko mai haske ko mai duhu. Alhali kuwa da yawa daga cikin taken Irland a kan tsofaffin matakan sauti suke tafiya, ba su cika haske ba, ba su cika duhu ba, kuma daɗinsu yana cikin wannan zaman tsakani. Akwai masu piyano na kirki a wancan zamani, kuma cikin shekarun 1930 Coleman ya yi wasu faya-fayai da rakiyar gita, amma waɗanda aka yi da gaggawa su ne suka bar tabo.

Abin lura shi ne, faifai ba ya mutuwa tare da ranar da aka yi shi. Ƴan ƙaura sun riƙa aiko da waɗannan faya-fayai gida, yara suka koyi goge daga gare su, har salon Sligo ya bazu a yankunan da a da suke da nasu salon. Duk yaron da ya koyi take daga faifai, ya koye shi ne tare da sautin da mai rakiya ya ɗora masa, ko daidai ko kuskure. Kuskuren da aka yi a ɗakin girki yakan tafi da iskar daren. Wanda aka yi a gaban na'ura kuwa yakan zama gado.

Saboda haka ne wasu suka tsani rakiya ɗungum. Seán Ó Riada, babban masanin kiɗa da ya rasu cikin 1971 yana da shekara 40, ya yi jerin shirye-shirye a rediyon ƙasar cikin 1962 inda ya soki yadda ƙungiyoyin kiɗan rawa ke danne kari da piyano da ganguna. Ƙungiyar The Chieftains, wadda Paddy Moloney ya kafa a wannan shekara, ta zagaya duniya shekaru da dama ba tare da mai gita cikin ƴaƴanta na dindindin ba. Dogo ya ce mahaifinsa, wanda manomi ne mai kaɗa goge, irin waɗannan mutane ne: idan ana zaman kiɗa ya ga saurayi ya shigo da akwatin gita, sai ya mayar da gogensa cikin jaka, ya nemi hularsa.

Amma baƙuwa ta riga ta samu ƙofa, kuma ta ƙofar waƙa ta shigo. Cikin 1961 ƴan uwan nan Clancy tare da Tommy Makem suka fito a wani babban shirin talabijin na Amurka suna rera waƙoƙin ƙasarsu da gita da banjo, suka yi suna, matasa a gida suka shiga kwaikwayonsu. Raka waƙar da kowa ke amsawa abu ne mai sauƙi. Wuyar tana ga taken rawa, masu sauri da santsi, inda mai gita ke da zaɓi biyu marasa kyau: ko ya yi ta dukan dunƙulen sautin nan uku kamar mai piyanon Niyu Yok, ko ya yi shiru.

Mafita ta zo ne daga inda ba a zata ba. Wanda ya taɓa riƙe gita ya san yadda ake ɗaure tsirkiyoyinta shida: mi, la, re, sol, si, mi. Wani makaɗi ɗan Birtaniya, Davy Graham, wanda ya rasu cikin 2008, ya je Maroko a farkon shekarun 1960, ya saurari masu kaɗa udu, ya nemi yadda gita za ta iya bin irin wannan kari. Shi ake danganta wa ɗaurin da Turawa ke kira DADGAD, inda ake sassauta tsirkiya uku, a samu re, la, re, sol, la, re. Amfaninsa a fili yake. Tsirkiya uku sun zama re, kuma re ita ce gidan da yawancin sarewa da algaitar Irland suke zaune, har algaitar tana da bututun da ke riƙe wannan sauti ba yankewa. Bugu da ƙari, idan aka kaɗa tsirkiyoyin a sake, babu sautin nan guda da ke yanke hukunci tsakanin haske da duhu. Gita sai ta shimfiɗa tabarma, ta bar wa goge ya faɗi inda ya dosa. Mícheál Ó Domhnaill da Dáithí Sproule, waɗanda suka yi faifai tare a ƙungiyar Skara Brae cikin 1971, suna cikin na farkon da suka shigo da wannan ɗauri cikin kiɗan Irland.

Daga nan abin ya buɗe. Cikin 1975 ƙungiyar The Bothy Band ta fitar da faifanta na farko, Ó Domhnaill yana kan gita, Dónal Lunny yana kan buzuki, wani abin kiɗa mai tsirkiya da aka aro daga Girka. Rakiyarsu tana tura kari gaba kamar iska a bayan matafiyi, kuma ita ce ta janyo matasan da suka tashi da kiɗan zamani suka dawo sauraron goge da algaita. Cikin 1976 Paul Brady ya raka gogen Tommy Peoples a faifan The High Part of the Road. Cikin 1979 Arty McGlynn, wanda ya rasu cikin 2019, ya fitar da McGlynn's Fancy, inda gita ta bar rakiya ta ɗauki karin da kanta, da dukan juye-juyensa. Abin da ya haɗa waɗannan mutane shi ne kowannensu ya san taken ciki da waje kafin ya ɗora masa hannu.

Faifan da ya fi zama cikin motarmu shi ne The Lonesome Touch, na 1997, na Martin Hayes, mai goge daga yankin Clare, da Dennis Cahill, mai gita haifaffen Shikago wanda iyayensa ƴan Irland ne. Hayes yana kaɗawa a hankali, ba ya gaggawa. Cahill kuwa wani lokaci tsirkiya biyu kawai yake taɓawa, wani lokaci ya tsaya a kan sauti ɗaya har taken ya zagayo, wani lokaci ya bar gogen ya yi nisa shi kaɗai sannan ya shigo ta ƙasa. Ranar farko da Baba ya ji shi, sai da muka yi tafiyar kilomita da dama kafin ya ce: "Wannan mutum ɗaya ne ko biyu?" Na ce biyu ne. Ya gyaɗa kai, ya ce a ƙuruciyarsa ya ga masu goge da yawa, kuma mai kiɗan ƙwarya na ƙwarai shi ne wanda ba ka lura da shi sai ya tsaya.

Ni a lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Har ma na ce wa Dogo ina ganin an cuci Cahill, tun da ga alama ya iya fiye da abin da aka bari ya nuna. Dogo ya ce babu wanda ya hana shi, shi ya zaɓa.

Bayan kwana kaɗan muka isa wani ƙauye, damina ta kusa. Aka kai mu wurin wata tsohuwa mai riƙon jikoki huɗu, muka zauna a ƙofar ɗakinta. Dogo ya ce in tambaye ta halin da suke ciki da abin da ta fi bukata. Na ce: "Inna, baƙo yana tambaya, yaya kuke fama, kuma me kike so a taimaka miki da shi?" Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce rumbu ya ƙare tun sanyi, ta sayar da awaki biyu, saura ɗaya, kuma irin geron da ta ɓoye don shuka yaran sun ci rabinsa, in da hali a ba ta iri, don ruwa ba ya jiran kowa. Iyakar maganarta ke nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa da Allah da Annabi ba.

Ni kuwa sai na ga dama ta samu. Na buɗe baki na zuba Faransancin lise: bala'in da ya auka wa talakawa, da mutuncin uwa da yunwa ta tozarta, da duniyar da ta juya wa Sahel baya. Har cikin raina ina ganin taimakonta nake yi, ina ƙara wa maganarta gishiri don ta shiga zuciyar anasara. Dogo ya bari na gama, alƙalaminsa bai taɓa takarda ba. Sai ya ce, cikin sanyin murya: "Ta yi numfashi uku, kai ka yi goma. Ka faɗa mini nata ukun, ɗaya bayan ɗaya." Na koma na jera: rumbu, awaki, iri. Sai a lokacin na gane cewa cikin dukan jawabina ban ambaci iri ba ko sau ɗaya. Abu guda da ta roƙa, shi ne ya nutse cikin kwalliyata. Da Dogo ya rubuta abin da na faɗa da farko, da sunanta ya shiga jerin masu karɓar hatsin ci kawai, ta ci ta cinye, damina ta same ta da rabin iri.

Tsohuwar ba ta jin Faransanci, amma ta ga fuskata. Ta ce: "Yaro, me ya faru?" Na ce: "Ba kome, Inna, na manta wani abu ne, na gyara." Ta ce: "Allah shi yi maka albarka." Wannan addu'a ta fi mini zafi bisa ga a ce zagina ta yi.

A hanyar komawa babu wanda ya tayar da zancen. Dogo ya laluba jakarsa, ya sake sa tsohon faifan Coleman, mai piyano yana ta dukansa a bayan goge. Ban sani ba ko da gangan ya yi, ban kuwa tambaye shi ba. Na dai zauna a kujerar baya ina sauraro, na ji wannan mai piyano ya zama ɗan uwana. Shi ma ba mugu ba ne. Ya iya abin da aka koya masa, an biya shi ya cika wuri, ya cika. Laifinsa ɗaya: bai tsaya ya ji inda taken ya dosa ba kafin ya fara bugawa, kuma an ɗauki abin a faifai, ya zauna har yau.

Tun daga wannan rana nake sauraron gita a faya-fayan Irland da wani kunne dabam, kuma abu uku nake dubawa. Na farko, ko mai gita ya san taken, har in an karɓe masa gitar zai iya rera shi da baki. Na biyu, ko yana barin wuraren da kari ya zauna tsakanin haske da duhu su zauna haka, ko kuwa yana yanke masa hukunci. Na uku ya shafi na'ura: a ɗakin ɗaukar sauti na zamani kowane abin kiɗa da makirufonsa, kuma mai haɗa sauti yana iya ɗaga gita har ta rufe goge da ɗan yatsa ɗaya. Akwai faya-fayai masu yawa da makaɗansu gwanaye ne, amma in ka rufe ido sai ka ji ɗan rakiya ne a gaba, mai tafiya yana biye.

Ba na so in yi wa mahaifin Dogo rashin adalci. Dattijon yana da gaskiyarsa: goge shi kaɗai yana da ƴancin da ko rakiya mafi kyau takan rage, domin da zarar an ɗora sauti a ƙarƙashin kari an riga an fassara shi. Amma su ma masu gita suna da tasu gaskiyar, don kuwa da ba su shigo ba, da kiɗan bai cika manyan zauruka ba, da kuma wani ɗan Tawa bai taɓa jin sa cikin mota a kan hanyar Adar ba. Gardamar ba ta ƙare ba. Abin da na fahimta shi ne, baƙuwar ta zama ƴar gida a hannun waɗanda suka yarda su fara da sauraro. Dennis Cahill ya rasu cikin 2022. Ranar da na ji labarin na sake sa faifan 1997, na yi ƙoƙari in bi gitar ita kaɗai daga farko har ƙarshe, amma kowane lokaci sai in tarar kunnena ya koma ga gogen. Sai na tuna maganar Baba game da mai ƙwarya.

Yau aikina ɗaukar maganar mutane ne daga Hausa in kai Faransanci, in ɗauko daga Faransanci in kawo Hausa, kuma abin da aka buga a jarida kamar faifai yake: wanda ya karanta zai ɗauka haka mai maganar ya faɗa, jikansa ma haka zai tarar. Har yanzu hannuna yakan yi ƙaiƙayi idan manomi ya faɗi abu a sauƙaƙe, in ji ina so in ƙawata masa. Ba kullum nake cin nasara a kaina ba. Amma kafin in miƙa kowane rubutu nakan koma ga littafina in ƙirga: numfashi nawa ya yi, nawa na yi, kuma irin da ya roƙa yana ciki ko ya faɗi a hanya.

Ku ma da kuke rubuta rahoto a ofis bisa koken talakawa, da ku da kuke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa a kasuwa, na san wannan zance bai yi muku nisa ba kamar yadda Irland ta yi. Allah shi ba mu kunnen sauraro, shi tsare mu da rufe muryar wanda muka zo rakiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.